Rajistar da Hadijatu Ba Ta Gama Buɗewa Ba

Hadijatu Siddiq Manga ta rasu ranar Talata, 9 ga Maris, 2021, a gidan mijinta da ke unguwar Yelwa a Jalingo, tana da shekara arba'in da ɗaya. Ni na koyar da ita a aji huɗu, a makarantarmu ta firamare da ke Mayo Gwoi.

A 2003 ta sami aikin buga takardu a wani shagon intanet kusa da Kasuwar Jalingo. A nan ta koya wa kanta PHP, harshen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi domin shafin intanet ya karɓi tambaya, ya ba da amsa. Ta gaya mini cewa mutum ɗaya ne ya fitar da shi a 1995 saboda hidimar shafinsa, daga baya jama'a suka taru suna faɗaɗa shi, siga bayan siga.

Da daminar 2006 ruwa ya shiga ofishin shugaban makarantarmu, ya jiƙa rajistocin ɗalibai na shekara talatin. Hadijatu ta kwashe su, ta shanya a tsakar gidansu, ta kwafe sunaye dubu bakwai tare da ranakun haihuwa. Sannan ta gina mana shafi da siga ta biyar. Tsohon ɗalibi ya buga sunansa, takardar shaidarsa ta fito, shugaba ya sa hannu.

Kuskuren da ya biyo baya namu ne. Da muka ga sunayen a kwamfuta, muka ɗauka takarda ta gama aikinta. Rajistocin sun yi funfuna, suna wari, masu ƙosai na bakin ƙofa kuma suna neman abin naɗi. Ni ce na ce a ba su.

A 2019 kamfanin da ke riƙe mana shafin ya koma siga ta bakwai, wadda ta daina karɓar tsofaffin umarnin da ake buɗe rumbun bayanai da su. Shafinmu ya zama fari fat. Na je Yelwa na same ta a kwance, ƙafafunta sun kumbura saboda ciwon ƙoda.

"Sunayen suna nan, Malama, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa," in ji ta. "Daga biyar suka yi tsalle zuwa bakwai, babu shida. Da a ajinki suka yi wannan ƙirga, ai da sun sha bulala."

"Za ki iya gyarawa?"

"Sassa ashirin da uku ne. Layi-layi zan bi. Ina rajistocin, ko da za a buƙata kafin in gama?"

Na gaya mata gaskiya. Sai ta ce wa mijinta, Malam Sadisu, ya miƙo mata kwamfutar.

Daga nan, duk safiyar da babu wankin ƙoda, takan zauna a kan tabarma ta gyara abin da ƙarfinta ya kai. Murna Nelson, wadda suka yi aji ɗaya, tana yawan zuwa. A wajen aikinta an ƙara mata shekara biyar bisa kuskure, idan ba a gyara ba, nan gaba za a sallame ta tun lokacinta bai yi ba, kuma shaidar da za a karɓa tana cikin wannan rumbu.

"Ke Hadi, ki tashi mana, kada su mai da ni tsohuwa," in ji Murna.

"Ai tun a aji huɗu tsohuwa ce ke. Ki ba ni mako biyu."

Hadijatu ba ta sami mako biyun ba. Bayan addu'ar uku Malam Sadisu ya nuna mini takardar da take bin aikin da ita. Ta soke sassa goma sha tara da jan biro. Na ashirin shi ne wanda ke fitar da takardar shaida, kuma a rabinsa ta tsaya. An ba Murna zuwa ƙarshen Yuni ta kawo shaida, ga shi har yau ba mu sami wanda zai ɗora daga layin da Hadijatu ta tsaya ba.