Makon da Wake Ya Haifi Kabeji

A makarantar kuɗin da na koyar da 'yan nazare a Dutse Uku, kowane mako da sunansa. Akwai makon launi, akwai na wanke hannu, har da makon gaisuwa, wanda yara suka bi suka ishi mai gadi da "ina kwana" har aka tashi. Mai makarantar, wata 'yar ƙabilar Ibo da muke kira Madam, ita ke yanka mana waɗannan makonni.

Da makon shuka ya zo, na tara gwangwanayen madara na huda gindinsu, kowane yaro ya tura ƙwayar wake da yatsansa. Wake fa na ce, daga kicin ɗina na ɗebo shi. Ran Juma'a tsiron ya ɗan leƙo, sai Madam ta ce kowa ya tafi da nasa gida, ran Litinin wanda nasa ya fi girma yana da kyauta. Da ta yi shawara da ni, da na ce ta ja bakinta ta yi shiru, don na san halin iyayen yaranmu.

Tun ina ƙarama nake jin abin da ka shuka shi za ka girba. Ran Litinin na ga an ƙaryata magabata. Yaron farko ya shigo da masara har gwiwata. Na biyu da tumatir, har da 'ya'ya jajaye. Wata uwa mai lambu a Naraguta ta dire mini kabeji, an ɗora shi kan gwangwani kamar rawani, ta ce, "Anti, ƙasan Jos ne, akwai albarka." Ina cikin salati sai ga direban gidan su wani yaro daga Rayfield yana nishi, rungume da bishiyar ayaba a bokiti.

Na ce, "Malam, ina gwangwanin?"

Ya ce, "Oga ya ce abin ya yi girma, ya fasa shi."

Yarinya ɗaya ce ta dawo da wake. 'Yar wani mai facin taya ce, shiru-shiru, wadda duk makon nan take raba ruwan gorarta da shukarta. Ganye biyu ne ƙanana, ta riƙo gwangwanin da hannu bibbiyu. Ta dubi ayaba, ta dubi nata, ta jawo bakin zanina.

"Anti, nawa ba shi da lafiya ne?"

Na durƙusa na rantse mata cewa nata ne kaɗai mai lafiya a ajin nan. Amma wa zai yarda da Anti alhali ga ayaba tsaye tana taɓa silin? Madam ta zo ɗaukar hoton da za ta tura wa iyaye, ta jera gonar a gaba, ta ce, "Wannan ƙaramin, sa shi a baya, zai ɓata hoto." Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Madam, wake muka shuka." Ta ce ta sani, amma wai wane uba zan iya kallo in ce masa maƙaryaci? Ayaba ta ci kyauta, kabeji ya zo na biyu. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ci abincinta ba, har aka tashi.

Na kwana da niyyar in kai mata alewa, in ɗora wakenta kan teburina kowa ya gani.

Da safe na tarar da ubanta a bakin aji, hannu duk baƙin mai, sai sunkuyar da kai yake yi. Yarinyar na gefensa tana washe baki. A gwangwaninta an cusa rake, ya fi ta tsawo.

Ya ce, "Anti, a yi mini haƙuri. Wallahi ban san haka ake yi ba, ban yi boko ba."

Na tambaye shi ina waken. Ya ce ya cire ya yar.

Ita kuwa ta ɗaga mini gwangwanin da ƙyar, ta ce, "Anti, kin gani? Ya warke."