Ƙarfen da Baba Yake Dafawa

Bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, an sallamo shi daga asibiti da wani ƙarfe na alminiyam mai ƙafa huɗu. Da shi yake jan jiki daga ɗaki zuwa bayan gida. A bazarar da ta biyo baya ƙafar ƙarfen ɗaya ta karye. Aka kai wa mai walda a kasuwar Tsanyawa, shi kuma, Allah ya shirye shi, ya ɗora masa wutar da ake wa ƙofa da garma, ya ƙara masa rami.

Inna ce ta sa aka kira ni a waya, ina wurin aikina a Rijiyar Zaki, a Kano. Ta ce, "Babanka ya daina cin abinci." Ba ciwo ne ya hana shi ba. Tun da ƙarfen ya karye, sai an kira maƙwabta sun ɗauke shi cak an kai shi bayan gida, sai ya yanke wa kansa cewa in bai ci ba, bai sha ba, babu mai ɗaukarsa. Mutumin da ko damin dawa bai yarda a ɗora masa a ka ba.

Waldar agon, wadda ake yi da wani gas mai wannan suna, ita ce sana'ata, ita ce kuma maganin alminiyam. Na ɗauko injin da ƙaramar tukunyar gas, na yi ta faɗa da kwandastan motar garinmu a kan inda za a ajiye su. Sai da muka yi nisa na lura gas ɗin saura kaɗan, kuma a duk yankinmu babu inda ake cika shi.

Da na isa gida na aro janareto wurin mai cajin waya, na zaɓi lungun katanga a tsakar gida, na tsayar da tabarma ta tare ni. Wannan walda ba ta shiri da iska ko kaɗan. Gas ne ke lulluɓe ƙarfen sa'ad da yake narkewa, in wani abu ya kore shi, aikin ya tashi a banza. Na goge bakin karayar da buroshi har ya yi fari, na gyara tsinken da ke bakin abin waldar, na maƙala ɗayar wayar injin a jikin ƙarfen. Na ce kowa ya kau da kai, hasken yana cin ido. Baba yana jingine a ƙofar ɗakinsa, leɓensa duk ya bushe.

Na rufe fuska na fara. Maimakon ƙarfen ya narke yana sheƙi, sai ya yi baƙi yana tafasa. Na kankare, na duba tiyon gas ɗin, babu inda yake yoyo. Na sake, haka dai. Allurar da ke nuna yawan gas kuwa tana ta yin ƙasa. Wallahi tsoro ya kama ni, don na san in ya ƙare, kafin in je Kano in dawo ban san halin da zan tarar da Baba ba.

Sai na ji wani sanyi a ƙeyata. Na ɗaga abin rufe fuskar na waiwaya. Inna ce a tsugune a bayana, ta ja mayafi ta rufe idonta kamar yadda na ce, tana yi mini fifita da mafici iya ƙarfinta.

Ina da saurin fushi, gidanmu kowa ya sani, kuma magana ta zo mini har baki. Amma na ga yadda hannunta ya rame. Ashe ita ma ba ta ci tun da ya daina.

Na ce, "Inna, Baba ya fi ni jin zafi. Je ki yi masa."

Ta ce, "Dubi yadda kake jiƙe, ɗan nan."

Daga ƙofar ɗaki Baba ya yi magana da harshensa mai nauyi: "Bar shi ya yi gumin."

Ta tashi. Na sake gogewa, na yi bisimilla. Wannan karon ƙarfen ya narke fes, na riƙa ɗiga masa wayar alminiyam a hankali, waldar tana jeruwa kamar ɗinkin hula. Gumi yana shiga idona, ban share ba sai da na zagaye ƙafar.

Da ya huce na ɗora masa nauyina duka, bai motsa ba. Na ajiye a gaban Baba. Ya daɗe kafin ya miƙe, na kai hannu ya harare ni. Inna ta ɗauko buta za ta bi shi, ya ce ta rataye masa a jikin ƙarfen. Haka ya ratsa tsakar gidan yana jan ƙafa, ya shiga bayan gidan, ya saki labulen buhu da kansa. Muka tsaya babu mai kallon wani.

Da ya fito ya zauna yana haki, sai ya dubi Inna.

"Akwai sauran kunun nan?"

Ta ce akwai, alhali babu. Ta shiga madafa, ina jin ta tana hura wuta tana kuka.