Buhun da Kakana Ya Ɗaukar wa Jaki

Jiya na karanta a jarida wai a Ingila har ƙungiyar jin ƙan dabbobi gare su, da shugaba da sakatare. Sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai. Tasa ƙungiyar, shi kaɗai ne.

Wata rana muna kai gyaɗa Sabon Gari daga Fagge, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, ya ɗaga akumari ya tarar da miki a bayan jakinsa. Ya sauke buhun, ya aza a kansa.

Wani mahauci ya ce, "Baba, yau kai ne jakin?"

Ya ce, "Ɗana, shi ba ya zuwa gaban alƙali. Ƙararsa sai Lahira."

Har yau in warin akumari ya buge ni, sai na waiga. Allah Ya sauke masa nasa nauyin.