Masu Tsayuwa a Bakin Ruwa

Wata Talata da hantsi, cikin Satumbar shekarar 2000, na fara ganin ruwan da ba ya tafiya. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya, an aike ni in kai wa Baba fura a rumfarsa ta albasa cikin kasuwar Malanville, na tarar ba kowa. Duk 'yan layin sun dunguma shagon mai gyaran rediyo, inda aka ɗora tele bisa buhunan shinkafa. Na kutsa tsakanin manya da kwano a hannu, sai ga wani tafki mai kusurwa huɗu, shuɗi kamar an jiƙa masa bula, ana hango ƙasansa tar. An ja igiyoyi an raba shi layi-layi, mutane na tsaga shi da gudun da ko kwalekwale sai ya yi da gaske. Wasannin Olimfik ne ake yi a Sidni, ƙasar Ostireliya. Can dare ya yi, mu ko azahar ba ta kawo ba, wannan ma kaɗai ya isa ya ɗaure mini kai.

Ni kuwa a lokacin ba abin da nake so a duniya kamar in iya iyo, kuma ba abin da aka hana ni kamar shi. Ƙanen Baba ya nutse tun ban zo duniya ba, ranar da jirgin ruwan da ya ɗauko su daga Gaya, tsallaken kogi, ya kife. Tun daga nan Baba ya kafa doka: ɗan gidansa ba ya shiga kogi ya wuce idon sawu. In mun je wanki, ƙawayena 'yan Dendi su tuɓe su faɗa ruwa suna shewa, ni ina bakin gaɓa ina dirzar tukwane da yashi. Har suna suka sa mini, wai mai gadin zannuwa. Wallahi na sha kuka a kan sunan nan, a ɓoye, bayan rumbu.

Kawu Isufu, ƙanen mahaifiyata, shi ya yi lakkwal, wato boko, don haka shi ke juya wa jama'a Faransancin mai sharhi. Ya ce ƙasar nan teku ya kewaye ta ko'ina. A da can hukuma ta hana shiga teku da rana, mutane suka ƙi hanuwa. Da aka janye dokar kuma ruwa ya yi ta cin mutane, sai 'yan unguwanni suka haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya suna gadin gaɓa ba da albashi ba. Daga baya makarantu suka shiga koya wa yara iyo, hukuma kuma ta gina wurin da ake horar da gwanaye. Wani tsohon basarke da ya ƙare rayuwarsa a kamun kifi ya girgiza kai ya ce shi dai bai ga inda za su ba, sun je sun dawo, ba wanda ya ƙetare. Aka yi ta dariya, ban da Baba.

Shi ba masu iyon yake kallo ba. Ko da aka zo tseren mata ma sunkuyar da kai ya yi, yana satar kallon gefen allon. Wasu dattawa ne suka ɗauke masa hankali, sanye da tufafi iri ɗaya tsaf, kowane layi da nasa. Da mai iyo ya kusa bango sai dattijon ya matso, ya ranƙwafa, ya zuba masa ido. Baba ya ce a hankali, "Isufu, ka gani? Kowane ɗa da babban da ke tsaye kansa. Ga gwanaye, amma ba a bar ko guda shi kaɗai da ruwa ba." Kawu ya buɗe baki, ya dube ni, ya mayar ya rufe. Sai da na girma ya gaya mini cewa alƙalai ne, laifi suke jira su gani su kori mutum daga tsere. Ba ruwansu da ceto.

Damina ta wuce, ruwan sanyi ya zo ya cika kogi ya janye, na fid da rai da iyo. Sai da bazara ta kama, yashi ya fito tsibi-tsibi a tsakiyar kogi, wata safiya ya kira ni ya ce in ɗauko tsohon zane. Ya riga ya yi magana da Inna Hamsa, matar basarken nan, mai sayar da bandar kifi. Da na fito na gan shi, rigarsa ta Juma'a ya saka, wadda ta sha bugu, da hula, alhali ba Juma'a ba ce. Haka muka ratsa gari, 'yan kabu-kabu na tambayarsa ko ɗaurin aure za shi.

Inna Hamsa ba ta da lallashi. Ta ɗaura mini gora a ƙirji, ta tallabe haɓata, tana faɗa da Dendi gauraye da Hausa: "Bar kokawa da shi, ɗiyata, ya fi ki ƙarfi. Kwanta mishi." Na sha ruwa har ya fito ta hanci. Amma duk sanda na ɗago kai, Baba na nan a gaɓa, hannuwa a baya, ya ranƙwafo daidai yadda ya ga dattawan Sidni na yi. Masu wanki suna ƙunshe dariya, shi ko a jikinsa. Bai taɓa fashi ba har bazarar ta ƙare, ya bar rumfa a hannun maƙwabci kowace safiya. Ranar da aka kwance goran na kai tsibirin yashi da kaina, na juyo ina haki, na ga ya shigo ruwa har gwiwa bai sani ba, rigar Juma'a ta jiƙe sharkaf. Ban taɓa jin tsoro a kogin nan ba, ko sau ɗaya, tunda na san in na nutse Babana zai fid da ni.

Bayan rasuwarsa, muna zaune da mahaifiyata ina ba ta wannan labari, ta dube ni da mamaki ta ce, "Ke ba ki sani ba? Babanki ai bai iya ruwa ba. Ko jirgi bai sake shiga ba bayan ƙanensa. Duk ranar da kuka dawo, ko shayi ba ya iya sha don fargaba."

Yanzu yarana suna kallon irin wannan tsere a waya, su ture shi da yatsa kafin ma a kai bango. Da bazara nakan kai su wurin da na koya, ni ce cikin ruwa ina tallabe haɓarsu, kuma na iya sosai. Duk da haka nakan ɗaga kai in dubi gaɓa, in ga ba kowa sai masu wanki. Ashe mutum yakan yi tsaron da ba shi da ikonsa, kuma tsaron ya isa.