Gwangwanin Rezar Gwaggo

Gwaggo, ƙanwar babanmu, kaciyar 'ya'ya mata ce sana'arta. A wurin uwarta ta gada, kamar yadda wasu ke gadon keken ɗinki. Ɗakinta na ƙarshen layi: tabarma, bokiti, labule mai kauri, sai wani tsohon gwangwanin madara a kan taga. Dokarta kuwa kowa ya sani. A zo da sabuwar reza a takardarta, kuma babu mai shiga sai ita da jaririya.

Ni dai ban taɓa ƙaunarta ba, domin ta hannunta na bi. Haihuwata ta fari kwana biyu na yi ina naƙuda, sai da aka yi min ƙari, nas tana tsaki tana cewa tabo ba ya buɗewa. 'Yar Gwaggo ta cikinta, wadda muke kira Yaya, nata ya fi nawa muni. Ta zubar da jini sosai, ɗan kuma bai zo da rai ba. Gwaggo na tsaye a bakin gadon. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambayi nas sau biyu: "Tabon ne?"

Bayan wasu shekaru ma'aikatan lafiya suka tara masu wannan sana'a a harabar asibiti. Kowacce ta ajiye kayan aikinta a kan tebur, aka tafa, aka ɗauki hoto. Gwaggo ta je, ta sha lemo, ta dawo ta ci gaba da karɓar jarirai. Na ce wannan tsohuwa Allah ya shirye ta, in tana shiryuwa.

Da na haifi mace, na ce wa mijina babu mai taɓa min 'ya. Ya ce ai wannan maganar mata ce, ya sa takalminsa. Uwarsa kuma ta je ta sayi reza.

Wata safiya na leƙa shagon ɗinkina, sai ga maƙwabciya tana haki, wai uwar mijina ta goya yarinya ta yi ƙarshen layi. Da takalmi ɗaya na isa. Uwar mijin nawa na zaune a waje tana jan carbi, 'yata na tsala ihu a ciki. Na banke ƙofa.

Gwaggo ce riƙe da cinyar yarinya tana mintsininta.

"Rufe min ƙofa, mahaukaciya," ta ce.

Na rufe. Ta ɗiga jan magani a tsumma, ta naɗe yarinyar da shi. Rezar tana nan a takardarta. Ta jefa ta cikin gwangwanin, da ƙyar murfin ya rufu saboda ya cika.

"Tun yaushe, Gwaggo?"

"Tun ranar Yayarki."

"To me ya hana ki ajiyewa a asibiti, ki huta da zagi?"

"In na ajiye, wurin mai kaciyar bayan kasuwa za su kai su. Ita da gaske take yi."

"Iyayen fa, ba su gane ba?"

"Uwa ce ke yi wa 'yarta wanka. Kin taɓa jin wadda ta kawo ƙara?"

Ta ɗaga labule ta ce wa uwar mijina an gama, kada kowa ya buɗe tsumman sai uwarta. Tsohuwar ta yi ta sa mata albarka.

Na rungume 'yata. Daɗi ya kama ni, haushi ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi. Idona ya ƙi barin gwangwanin nan.

Gwaggo tana naɗe tabarma, ba ta ko ɗago ba.

"Kada ki nemi taki a ciki," ta ce. "Taki na buɗe ta."