Ranar da Ƙanwar Inna Ta Fita Sayen Abinci

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. A Gangara babu wanda yake ganin wannan abin mamaki, kunya ce irin ta uwa ga ɗanta na fari. In tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "A gaya wa wancan randa ta bushe." Da haka na girma, har na tafi jami'a a Yamai.

Ina shekara ta biyu aka aiko mini cewa wani ƙulli ya fito mata a mama, an kai ta asibitin Damagaram. Na iske ta tare da ƙanwarta, wadda muke kira Inna Ƙarama. Likitan baƙo ne, Faransanci kawai yake ji, ni kuwa aka zaunar in yi tafinta.

Ya ce ciwon daji ne, kuma cire maman ya zama dole. Abin da ba a tabbatar ba shi ne kaluluwar hammata. Idan an cire ta, hannu yakan kumbura ya yi nauyi har ƙarshen rai. Idan an bar ta, mai yiwuwa ciwon ya ɓuya a ciki. Suna gwaji domin a gane wanne ya fi, kuma ƙuri'a ce za ta raba masu shiga gida biyu. Wadda ba ta so, za a cire mata kamar yadda aka saba.

Na juya maganar zuwa Hausa ina kallon bango. Inna ta ja mayafi ta dubi ƙanwarta.

"Tambaye shi, shi likitan bai san wanda ya fi ba?"

"Ya ce bai sani ba," in ji ni.

"To, karatun me ya yi?" in ji Inna Ƙarama. "Boka ma ba ya cewa bai sani ba."

Aka ba mu zuwa washegari. Muka koma inuwar bishiyar bedi a harabar asibitin, inda masu jinya suke shimfiɗa tabarmi. Da azahar Inna Ƙarama ta tafi bakin ƙofa sayen abinci, ta bar mu mu biyu. Ban tuna wani lokaci kafin wannan da muka zauna haka ba.

Sai na ji ta ce, "Kai."

Na ɗaga kai. Ni take kallo, ido cikin ido.

"Gero bai shiga rumbu ba, ƙannenka ƙanana ne. Hannun nan nake daka da shi. Amma kuma ina son in ga ka gama karatu. Da kai ne, me za ka yi?"

Na ce mata gaskiyar da nake da ita: ni ma ban sani ba, kuma tsoro nake ji. Ta yi ɗan murmushi, ta ce ashe mu uku ne, har da likita. Daga nan ta tambaye ni ko ina cin abinci a Yamai, ko akwai wadda nake so, ko har yanzu ina tari in sanyi ya shigo. Na amsa duka da sauri, kamar mai tsoron a rufe kasuwa. Sai ga Inna Ƙarama da kwanon shinkafa.

Inna ta mayar da fuskarta gefe. "A gaya wa wancan ya faɗa wa likita na shiga gwajin. Mutumin da ya ce bai sani ba, ba zai yi mini ƙarya ba."

Ƙuri'a ta bar mata kaluluwarta. Ta koma gida da hannunta lafiya, ta yi daka, ta ga amfanin gona na wasu damuna. Ba ta kai ga gamawata ba. Na sha tambayar kaina ko ɗaya hanyar za ta ƙara mata kwana, har na tambayi likitoci abokaina, babu wanda ya iya ba ni amsa. Yanzu da na kai hamsin, wannan tambayar ta rage nauyi. Abin da ya fi zo mini shi ne, da layin mai shinkafa ya ɗan ƙara tsawo, me kuma za ta tambaye ni.