'Ya'yan Ayabata a Lambun Baba

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Makera zancen siyasa yake yi, ni kuwa ayabar maƙwabcina ce ta hana ni sakat. Ɗan rafi ne ya raba lambuna da nasa, ni kaɗai a wannan tsallake, shi da sauran masu lambu a wancan. Dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin masaƙa kamar ni, kowa Baba yake ce masa. Nonon ayabarsa sai an tokare shi da gwafa. Nawa kuwa, ko akuya ta gani sai ta yi shawara kafin ta miƙa wuya.

Al'adarmu a bakin rafin nan, ɗan ayaba ba a sayar da shi, ba a kuma hana wanda ya roƙa. Baba ya je garinsu ya dawo da sabon iri, ya bi kowa ya ba shi. Da ya zo kaina na ce, "Na gode, Baba, nawa sun ishe ni." Ba su ishe ni ba. Hassada ce, ba na son a ce arzikina daga hannunsa ya fito.

Bayan damina sai sabon ganyen ayabarsu ya fara fitowa a tsuke, ya cunkushe a ka kamar tsintsiya. Aka kira malamar gona. Ta ɗaga ganye tana hango rana ta cikinsa, ta nuna mana wasu ɗigo-ɗigo masu duhu da suka bi jijiyar. Ta ɓare gindin ganyen, ga ƙananan ƙwari baƙaƙe. Har gwazan da ke gefe sai da ta duba, ta ce ƙwarin kan ɓuya a ciki, su ne masu ɗaukar cutar daga wannan tushe zuwa wancan. Ta yanki ganyen kowa ta tafi da shi gwaji.

Da ta dawo ta ce cutar a jikin sabon irin ta zo, kuma ba ta da magani, sai dai a tumɓuke a ƙone. Ta juyo gare ni.

"Malam, naka ne kaɗai ya fita. Amma ka cire gwazan nan."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ranar tumɓukewa na zauna ina jiran in ji an zagi Baba. Ba wanda ya ce masa kanzil. Gayya ma suka yi, daga lambunsa suka fara, matarsa ta kawo fate, suna ci suna dariya. Ni ina tsallake cikin lafiyayyun ayabata, ko sannu ba wanda ya tuna ya yi min.

Da ƙasa ta huta, Baba ya naɗe wando ya ƙetaro.

"Malam, iri muka zo roƙo."

Ba halin hanawa. Na ba kowa, shi kuwa na zaɓo masa ƙanana, ramammu, waɗanda ni kaina na fid da rai da su. Ya karɓa da hannu biyu yana sa min albarka.

Shekara na zagayowa na hango shi yana saran gwafa.

Wata mai sarin ayaba daga Mahuta ta cika kwandonta a lambunsa, ta biyo ta nawa. Ta dubi nonon da na yanka mata, ta jinjina shi a hannu, sannan ta ce cikin tausayi, "Malam, me zai hana ka roƙi iri wajen Baba? Ai ba ya rowa."